Farar Rigar Bashiru

Daren Talata, Runjin Sambo

Duk mai buɗe littafin nan ya ji tsoron Allah, ko kai ne Bashiru.

Ana tarzoma, an hana fita, amma kamfanin da ɗana Bashiru yake wa tallan magani ya matsa sai ya kai kaya Kwalkwalawa. Ya sa farar riga irin ta likitoci don a bar shi ya wuce. A hanya wata mata ta tare shi da mijinta jina-jina, tana kuka, "Likita, taimaka!" Ko ɗaure rauni bai iya ba. Har yanzu ba mu san ko mutumin ya rayu ba.

Da ya dawo ya gaya mini, na yi masa faɗa, wai, "Inna, haka kowa ka yi." Ni kowa na haifa?

Na ƙona rigar. Daga yau, in gari ya rikice, makullin motarsa a hannuna zai wuni.