Rasuwar Tafarnuwar Inna

Zuwa ga Adda Hauwa,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina Malam da yara? Yaya ciwon gwiwar nan?

Bayan haka, cikin alhini nake sanar da ke rasuwar tafarnuwar lambunmu na Lamorde, irin da marigayiya Inna ta bar mana. Ganye ya yi rawaya, na tona na tarar farar fumfuna ta cinye gindin. Na barbaɗa toka, har jawabi na yi mata, ba ta saurare ni ba. Malamin gona ya ce cutar a ƙasa take, sai mun sauya fili.

Idan akwai ragowar wadda kika tafi da ita Kano, don Allah ki cece ta daga tukunyar miya, ki aiko. Ita kaɗai ta saura daga hannun Inna.

A gai da kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Hamman