Rigar da Na Ɗinka wa Sola

Zogbeli, Tamale
21 ga Maris

Zuwa ga Yaya Tahidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Hasanatu da duk 'yan'uwan da kuke tare a can Jamus. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a guminka, ya kare ka daga sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Maigidana Abdul-Rahaman yana nan lafiya, yara suna makaranta, shagon ɗinkina ma yana ɗan motsawa. Zafi kuwa bana ba a magana, tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, kaji ma sun daina kiwo da rana. Sai babban labari, wanda na san shi kake jira: an sallami 'yarka Zuhuratu daga asibiti ranar Litinin. Tana cin abinci, tana tafiya da ƙafarta, jiya har ta yi faɗa da yarana a kan kujera. Na fara da wannan ne don hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Ka san ni da waya, ba na gajiya da surutu, amma wannan maganar sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Kai kuma, ka gafarce ni, tun muna yara idan ranka ya ɓaci ba ka bari mutum ya kai aya. Takarda ba a katse ta. Imurana ɗan unguwarmu zai koma wajenku ranar Alhamis, shi zan ba ya kawo maka hannu da hannu. Abu na farko, maganar da ka yi ta a kai Usumanu mai haɗa sola wurin 'yan sanda, cewa ya sayar maka da kayan jabu, ka janye ta. Bawan Allahn nan ba shi da laifi. Kayan da ya kafa a gidan mahaifiyarmu Mma a unguwar Gumani masu kyau ne, farantan sola biyu da batir da ɗan firijin duk ba abin da ya same su daga wajensa.

Ka tuna yadda abin ya faro. Shekara biyu tun da aka gano ciwon sukari a jikin Zuhuratu, Mma a cikin randa take ajiye mata maganin allurarta, insulin, a tsakiyar jiƙaƙƙen yashi, tana yayyafa ruwa safe da yamma, don wutar Gumani ba abin dogaro ba ce. Kai ka ce ba za ka yarda ran 'yarka ya rataya a kan tukunyar ƙasa ba, ka aiko aka kafa sola. Wallahi mun yi murna. Yarinya ta samu fitilar karatu, Mma ta samu fanka, maƙwabta suna kawo wayoyinsu caji, magani kuma yana cikin sanyi. Mma har cewa take yi, ita da ta yi wayo da aci-bal-bal, ta ga zuwan fitilar ƙwai, ta ga ranar da aka ja wuta zuwa unguwar Sabonjida, yau ga ta tana shan iskar rana a ɗakinta. Saboda kwanon gidan ya tsufa, Usumanu bai ɗora farantan a kan rufi ba, ya kafa su a kan ƙarfe a tsakar gida, daidai ƙirjin mutum. Ranar da aka yi aikin maza ne suka kewaye shi yana bayani da Turanci da Dagbanci, Mma tana madafa tana tuƙa musu tuwo. Da ta fito, abin da aka faɗa mata kawai shi ne kayan nan masu tsada ne, ta kula da su, kada awaki su hau.

Tun tsakiyar watan jiya Zuhuratu ta fara ramewa. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba iyaka, alhali allurarta ba ta taɓa tsallake lokaci ba, Mma ce take yi mata da hannunta. Duk muka ɗauka yarinya ce take satar shan sobolo, wato zoɓo mai sukari, a makaranta. Mma ta yi mata faɗa, ni ma na yi, har na ce mata shekara goma sha uku ba yarinya ba ce, tana so ta kashe kanta ne. Ta rantse, ta yi kuka, ba wanda ya yarda da ita. Sauran ka sani: ta faɗi a aji, aka ɗauko ta a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, tana numfashi sama-sama, kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Da likita ya ce ga alama maganin ne zafi ya kashe, ya tambayi inda muke ajiye shi, har da fahariyata na ce a firijin sola.

Ranar Talatar da ta biyo baya na rufe shago na ɗauki Usumanu muka tafi Gumani, don in ga ƙaryarsa da idona. Ban taɓa zuwa gidan da tsakar rana ba, kullum sai bayan la'asar nake leƙawa. Muka tura ƙofa, Yaya, sai na tsaya kamar an dasa ni. Farantan nan biyu suna lulluɓe ruf da atamfa mai shuɗi, an yi mata ninki biyu, da leshi a baki, da igiyoyi a kusurwa huɗu. Mma ta dawo daga asibiti don ta dama koko, tana tsaye tana ɗaure igiya ta ƙarshe. Ban buƙaci a gaya mini inda rigar ta fito ba, domin ni na ɗinka ta. Makonni shida da suka wuce Mma ta zo shagona da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, ta ce awo ne, in ɗinka mata murfi biyu na kayan Tahidu, masu kauri, in sa leshi irin na rigar talabijin. Na ɗauka akwatunan da ka bari a ɗaki take nufi. Ban tambaya ba, har na ƙara mata shafi a ciki don ƙura.

Da ta gan mu sai ta faɗaɗa fara'a, ta ce wa Usumanu ya zo ya ga yadda take riƙon amanarsa. Ta ce da zafi ya shigo ta taɓa gilashin wata rana ya ƙona mata hannu, sai ta ce a ranta ranar da take fasa bokitin roba, take cinye launin zane, ba za ta bar mata abin da ɗanta ya sha sanyin Turai ya saya ba. Don haka kullum Zuhuratu na fita makaranta, rana na ɗagawa, sai ta rufe su, ba ta buɗewa sai rana ta yi sanyi gab da la'asar, ta kaɗe rigar ta ninke. Ka san Mma. Rediyon Baba ya yi shekara ashirin a cikin riga, kwanukan aurenta har yau suna cikin kabad ba a taɓa cin abinci a ciki ba. A wurinta abu mai daraja ba a barin sa a rana.

Usumanu ya juya. Ya shiga ɗaki ya buɗe firijin, ya kira ni na sa hannu. Ɗumi na ji, Yaya, irin ɗumin tanda da aka sauke wa masa. Ya fito ya zauna a ƙasa ya dafe kansa. Daga baya ne ya yi mini bayani cewa ɗan hasken safe da na yamma shi ne kawai batir yake samu, sai firijin ya yi gurnani da maraice, lokacin da muke zuwa mu ji shi yana aiki, kafin gari ya waye ya mutu, ya wuni a rufe cikin ɗakin kwano yana dafa maganin. Ya nuna mini wani tabo ruwan ƙasa a gefen faranti ɗaya, ya ce ranar da iska ta ɗage rigar rabi, wurin da ya rage a rufe ne ya yi zafi har ya fara ƙonewa, Allah ne ya tsare da zanen ya kama da wuta. Ya ce batir ɗin ma ya galabaita, sai an canza shi. Ni dai ina jin sa ne kawai, ina kallon ɗinkina.

Mun so mu ɓoye mata, amma Mma tsohuwa ce, ba wawiya ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta ce a gaya mata gaskiya don Allah. Usumanu ya durƙusa, ya ce mata cikin ladabi abin nan rana ce abincinsa, wanda ya rufe shi ya ɗaure masa baki ne. Can ta tambaya ko tun ranar da ta fara rufewa maganin ya fara lalacewa, ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, to ashe yarinyar ba ta sha sobolo ba ke nan. Wannan tambayar ce ta karya ni, na fashe da kuka a gaban baƙo. Ita ko hawaye ɗaya ba ta zubar ba. Ta kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta koma madafa ta ƙarasa damun kokonta.

Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya, amma ka duba mu nawa ne a cikin duhun. Mazan da suka ji bayani ba wanda ya juya ya fassara wa matar da za ta wuni da kayan. Ni na karɓi awo ban tambaya ba. Kai ma, kada ka ji haushina, duk kiran da ka yi tambayarka ita ce ko kaya suna nan lafiya, ita kuma ta amsa maka da gaskiyarta cewa ko ƙura ba ta taɓa su. Shekara biyu tana riƙe da ran yarinyar nan da randa da yashi, ko sau ɗaya magani bai ɓaci ba, domin randa ta san ta. Muka kawo mata abin da ba ta sani ba, muka ce ta kula.

Ga inda muke yanzu, kuma shi ne dalilin takardar. Ranar da aka sallami Zuhuratu, Mma ba ta kai ta Gumani ba. Ta sa mai yalo-yalo ya sauke su a ƙofar gidana, da jakar kayan yarinyar, da littattafanta, har da kofin da take shan ruwa. Ta ce ga amanar Tahidu nan, hannunta ya kasa, wanda ya kusa kashe ɗan mutum bai cancanci a sake ba shi riƙo ba. Ta roƙi jikarta gafara a gaban yarana, ta juya ta tafi. Ita ce fa ta karɓi yarinyar nan tana wata huɗu, ranar da muka binne mahaifiyarta. Yau kwana uku Adijatu maƙwabciyarta tana kai mata abinci yana dawowa yadda aka kai shi. Fankar ma ta daina kunnawa, a cikin wannan zafin. Zuhuratu kuma kowace allura sai mun yi dambe, tana cewa hannuna yana da zafi, Kaka take so. Na je na yi magana, Abdul-Rahaman ya je, limamin unguwa ya je. Ta ce duk ta ji, amma mai ɗiya bai yi magana ba.

Don haka ina roƙonka, don darajar nonon da muka sha, idan ka gama karantawa ka yi alwala, ka zauna har zuciyarka ta sauka, sannan ka kira ta. Kada ka tambaye ta yadda aka yi, kada ka ce mata ba komai, ta san akwai komai. Ka ce mata ta zo Zogbeli ta ɗauki jikarta, kai ka ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Maganin yana firijin gidana har a kawo sabon batir, Usumanu kuma ya yi alkawarin zai zauna da ita da kansa ya koya mata komai da Hausa, tun daga farko.

Ka gaishe mini da Hasanatu da kyau, ka ce na gode da addu'o'inta. Abdul-Rahaman yana gaishe ka, Kawu Zuberu na Sabonjida ma haka, da Gwaggo Ayisha. Zuhuratu ta ce in gaya wa babanta ta warke, kuma wai ba ta yi ƙarya ba a kan sobolo. Jiya na je Gumani na gaya wa Mma zan rubuto maka, na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta ce kada in sa, sai ta ji ko har yanzu kana amsawa.

Taka ƙanwa,
Basiratu