Sai Na Sa Niƙabi Mahaifiyata Take Karɓar Abinci A Hannuna

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ki taimaka ki sakaya sunana, fuskata kaɗai ta ishe ni jarrabawa. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, masu shirin yi mini wa'azi a kan fim kuma ku adana abinku, na sha na ƙoshi.

Ni 'yar Gyadi-Gyadi ce. Lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula ina budurwa, gari ya cika da fosta da kalanda, kowane mai ɗab'i fuska yake nema. Wani mai hoto a layinmu ya ɗauke ni cikin atamfa, daga nan na shiga tallan leshi da sabulu, har ya zama da wuya ka shiga shagon tela ba ka gan ni a bango ba. Babanmu ya rasu muna ƙanana, Inna ce ta riƙe mu da suyar ƙosai, ita ce kuma ta tsaya mini da dangi suka taso, ta ce da mayafinta yarinyar take hotonta, a shafa mata lafiya. A kalanda wani darakta ya gan ni ya sa aka nemo ni. Tun fim na farko ya ce idona na mugunta ne, in na harari kamera har shi tsoro yake ji. Shi ke nan aka maƙala mini, kullum ni ce mai bin boka, ni ce mai raba zumunci, har wata tsohuwa ta taɓa jifana da tumatir a kasuwar Tarauni. Dariya na yi, na ce aiki ya yi kyau ke nan.

Akwai fim ɗin da na fito a 'yar da ta zuba wa uwarta guba a kunu don ta gaji gida. Inna ta kalle shi a kaset tun yana sabo, tana tafa hannu tana cewa ja'ira, a ina kika koyo wannan iya shege. Ta san wasa ne sarai.

Yanzu Inna ta tsufa, ga ciwon suga, ga mantuwa, likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta gaji, ba iska ba ne. Aurena ya mutu, na dawo gidanmu na Gyadi-Gyadi ina jinyarta, na rage fita aiki. Don kar kaɗaici ya dame ta nakan kunna mata tashar da ke maimaita tsofaffin finafinai. Rannan ina kicin ashe wancan fim ɗin suka sako, na shigo da kofin kunu daidai ta gama ganina ina barbaɗa guba. Ta dubi talabijin, ta dube ni, ta dubi kofin, sai ta ƙwalla ƙara tana kiran maƙwabta su cece ta. Matar da ba ta tuna ko ta yi sallar azahar, wannan abu guda ya zauna mata daram. Na cire talabijin, na durƙusa, na rantse, na kurɓi kunun a gabanta, a banza. Ko ruwa ba ta karɓa a hannuna, balle magani.

Yayana, direban adaidaita ne a Unguwa Uku, ya zo ya wanke ni tas, wai dama ya faɗa, ga abin da rawar kaina ta jawo mana. Na ce to ya ɗauke ta, ya ce ɗaki ɗaya gare shi da yara, ita ma Innar ta ce ba mai fitar da ita a bar wa muguwa gida. Muka ɗauki mai aiki, ba ta jure wankin ƙazanta ba ta gudu. Suga ya faɗi, Inna ta suma, da ƙyar aka ceto ta a asibiti. Da muka dawo na rasa dabara, sai na ɗauko niƙabi da zumbulelen hijabi, na shaƙe murya, na yi sallama na ce sunana Asabe, ɗanta ne ya turo ni. Ta karɓi kofin ta shanye tas ta ce a ƙaro. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Tun daga nan ni ce Asabe, tun kafin azumi. Ni ke mata wanka, ni ke mata allura, ni ke ba ta a baki, a cikin gidanmu ba na buɗe fuska sai ta yi barci. Son Asabe take kamar me. Abin da ke kashe ni shi ne hirar. Takan riƙe hannuna ta ba ni labarin 'yarta, yadda ta goya ta a bakin kasko hayaƙi na cin idonta, yadda ta yi faɗa da dangi saboda ita, 'yar ta tashi ta saka mata da guba, ta ce ba ta yafe ba duniya da lahira. Sau ɗaya na ce Inna ai an ce fim ne, ta saki hannuna ta tambaye ni ko ni ma an saye ni. Ban ƙara ba.

Satin da ya wuce likita ya ce ƙoda ta taɓu, mu koma gida mu yi ta addu'a, kun dai gane. Muna dawowa Inna ta ba ni amana, wai in ta cika ni zan yi mata wanka, kar in bari waccan ta taɓa gawarta. Ta matsa sai na amsa, na ce to Inna.

Yaya ya ce in cire niƙabin in nemi gafara tun tana numfashi, ko Allah zai sa ta gane, wai wasan kwaikwayon ya isa haka. Malamin da na tambaya ya ce an ɗauke mata alƙalami, fushinta ba ya kama ni. Na ji, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, so nake in ji ta kira sunana ko sau ɗaya ne ta ce ta yafe. Tsorona kuma, in na buɗe fuska ta firgita, ta rasa Asaben ma, ba mai ba ta abinci, ta tafi da yunwa tana ganin mai gubar ce take ciyar da ita duk watannin nan.

Yau da safe ina goge mata baki ta shafa kaina ta saman hijabi, ta ce Allah ya yi wa uwar da ta haife ki albarka, ta iya haihuwa. Na ce amin.

Iyayena mata, malamai, ma'aikatan jinya da ke cikin nan, ku dubi Allah ku faɗa mini. In cire in nemi yafiyarta da fuskata, ko in bar ta ta cika a hannun Asabe?