Lemar maigida ba tabarma ba ce

Daren Juma'a, Mansura.

Alhamdu lillahi, lemar ta tashi!

Jiya Sani, sabon direbanmu, ya ɗauki lemar da maigida ke shawagi da ita a sararin sama, ya naɗe ta kamar tabarmar masallaci, har ya zauna a kai. Ta gasa ce fa. Bakinta siraran sanduna ne, kuma na karanta in sun lanƙwashe tana iya rufewa a sama. Na zage shi tas. Wai, "Haba Yaya, ba tanti ba ne?"

Da safe na gaya wa maigida, ina jiran ya ce khalas, wato shi ke nan, mu koma Kano. Ya shafa sandunan, ya shimfiɗa ta a yashi, iska ta ɗaga ta sumul.

Ga sakaran nan yana minshari. Gobe zan koya masa ninkewa.