Sai Na Ga Tsaunukan Scotland

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Mun baro unguwarmu Abbey Wood ranar Asabar a motar haya mai ɗaki da banɗaki a ciki da na yi booking. Muna cikin kallon ganuwar York tankin banɗaki ya cika, ashe da hannu ake zubarwa. Maigida, Baban Amir, likita guda, ya ce ba zai taɓa ba, mu juya gida. Na ce, "Kullum hannunka cikin hanjin mutane, namu ne ƙazanta?" Na zubar da kaina, na karɓe makulli. Shekara uku ina karanta labarin tsaunukan Scotland, wallahi sai na gan su.

Ki gaida Kawu. Ki dage da addu'a, don ban taɓa tuƙa babbar mota ba.

Ƙanwarki,
Hadiza