Sunayen da Ka Sauya a Ordinatar

Abdoul Aziz, mai diplom ɗin Yamai,

Kana barci, motar Safo da zan hau kuwa ba ta jira, shi ya sa na bar maka takardar nan. Jiya na bar ka a bironmu, ofishin coopérative ɗin manoma, ka sauya sunayen fishiye, wato fayil, kawai. Sau nawa na gaya maka ordinatar, kwamfutar nan tamu, ba ta karɓar é ko tazara cikin suna, kuma harafi takwas take riƙewa? Ka ce kai ka sani. Ka sa "Coopérative maza" da "Coopérative mata", ta guntule su suka zama ɗaya, na maza ya danne na mata. Sunayen mata masu jiran irin wake sun ɓace, ga damina ta kama. Yau gida-gida zan bi in sake rubutawa. Kada ka ƙara taɓa ta. In hannunka na ƙaiƙayi, akuya na jiran dusa.

Yayarka Mardiyya