Inna, Akwai Kare a Gidana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habsu mai kitso, ta Maradi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ɗiya take yi wa uwa, ina fatan kina cikin ni'ima da hasken kabari. Ni ce Rabi, autarki, daga Vénissieux a gefen Lyon, cikin dogon benen nan da kika ce ke ba ki yarda mutum ya kwana sama da tsuntsu ba. Lafiyata lau, sai kewarki.

Na san wasiƙar nan ba za ta iso inda kike ba. Na kuma san akwai masu leƙe a shafina, waɗanda tun watan jiya suke yawo da sunana daga waya zuwa waya. To ku matso ku karanta da kyau, kada ku tsallake layi. Amma da uwata nake magana.

Inna, akwai kare a gidana. Gara ki ji daga bakina.

Kin tuna aikina na kula da tsofaffi a gidajensu. Kin tuna Madam Odette, tsohuwar da nake yi wa wanka ina dafa mata miya, wadda kullum muka yi waya sai ta ƙwace ta ce miki "sannu" da wannan Hausar tata mai ban dariya. Lokacin da labarin rasuwarki ya zo, takarduna suna hannun hukuma, ba halin tafiya. Ban ga gawarki ba, ban zauna zaman makokinki ba. A kicin ɗinta na yi kukana, ita ta riƙe mini kai har na yi shiru.

Bara ɗanta ya kawo mata ɗan kwikwiyo, wai ya ɗebe mata kewa tunda shi ba ya samun zuwa. Irin wanda Faransawa ke kira epanyal ne, dangin karnukan farautar tsuntsu, gajere, mai gashi, da kunnuwa har ƙasa. Tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki cokali, ita aka kawo wa kwikwiyo! Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da ita. A asibiti ta kama wuyan hannuna ta ce, "Rabi, kada ki bari su kai shi keji." Na ce mata na yi alkawari. Ana gama binne ta ɗan ya ce shi gidansa ba wuri, zai kai shi inda ake tara karnukan da ba su da kowa. Na sa kwikwiyon a kwali na hau tram, jirgin nan na cikin gari, da shi, yana kuka ina kuka, mutane suna kallonmu.

Ke kika ce mini alkawari kaya ne. Ba ki ce sai wanda aka yi wa Musulmi ba.

Ita Karamel take kiransa, bai taɓa waiwayowa ba. Da na dube shi da kyau na ga kalarsa sak ta ƙanzon shinkafa ce, sai na sa mishi Ƙanzo. Kin san inda sunan ya fito. Ina 'yar yarinya akwai wata ramammiyar karya da take kwana a bayan dangarmu, yara suna jifanta. Kullum kin kankare tukunya sai ki zuba ƙanzon a fasasshen kasko ki kai mata. Matan kartiye, duk unguwar, suka yi ta surutu har suka sa miki suna Habsu uwar karya. Ke kuwa ko a jikinki, kina tsifar kan wata kina cewa, "Bakin da yunwa ta buɗe ba a tambayarsa asalinsa."

Ba zan yi miki ƙarya ba, watannin farko na ga ta kaina. Ni da tun da aka haife ni ban taɓa shafa kare ba, ga ni da asuba cikin sanyin da ke fasa leɓe, da zane da kot, na rungumo kwikwiyo ina jiran asansar, na'urar hawa da saukar bene, don a sauka ya yi fitsari. Sau da yawa kafin mu kai ƙasa ya gama abinsa a kan kot ɗina. In mun isa ciyawa kuma sai ya tsaya shinshinar ganye kamar ba shi ya tashe ni ba. In ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, wannan magana na gan ta da idona: takalmana na zuwa biki, waɗanda na sayo a Paris, ƙafa ɗaya ta rage. In na fita aiki ya yi ta kuka har maƙwabciyata ta buga mini ƙofa. Sai da na koyi fita kaɗan in dawo, in ƙara kaɗan in dawo, ba sallama ba rarrashi, kafin ya yarda cewa wanda ya fita yana dawowa. Ban ga laifinsa ba, uwar ɗakinsa ta fita ba ta dawo ba.

Akwai wata mata mai koyar da karnuka da take zuwa filin shaƙatawa na Parilly ranar Asabar. Ta ce mini kalma guda, murya guda, in ya yi daidai a ba shi lada nan take. Na yi ta ce mishi "assis, assis", wato zauna da Faransanci, yana kallona yana kaɗa wutsiya kamar ina yi mishi waƙa. Ran nan na bar ƙofar ɗakin da nake salla a buɗe, na hango shi ya nufi dardumata da gudu. Ban san lokacin da na ce "Kul!" ba. Inna, muryarki ce ta fito daga wuyana, wadda kike yi mini in na kai hannu cikin tukunya. Ya ƙame a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a sama. Ni kuma na zauna a ƙasa, don tun rasuwarki ban ji wannan muryar ba.

Tun daga ranar da Hausa nake horonsa. Zauna, taho, bari, kul. Matar nan mai koyar da karnuka ta yi dariya ta ce karena ba ya jin yaren ƙasarsa. Na ce mata ai gidan Bahaushiya ya tashi. Na yi ta maimaita mishi a bakin ƙofar nan da ɗan busasshen nama a hannu, har ya san iyakarsa. Yanzu ko ƙofar a buɗe take, ko ƙwallonsa ya gangara ciki, sai dai ya kwanta a bakin ƙofa ya jira in miƙo mishi.

Sai kunnuwa. Wayyo kunnuwan nan! Su shiga ruwa, su shiga abinci, su kwaso ƙaya da tsaban ciyawa, gashin bayansu ya dunƙule. Da farko na yi dabarar gida, na shafa mishi man kaɗanya. Ya fita ya birgima, ya dawo da ƙasar Parilly gaba ɗaya a kunne. Likitan dabbobi ya riƙe baki don kada ya yi dariya, ya nuna mini yadda ake ɗaga kunnen a share cikinsa a busar, don in ya kwana da laima ciwo yake yi. Da ya zo bayanin taje gashi kuwa na ce mishi ya huta. Ɗiyar mai kitso ce ni. Na aza kan Ƙanzo a cinyata yadda kike aza nawa, na riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ya ji zafi, na fara daga baki ina hawa a hankali. "Mai gaggawa ba ta tsifa," haka kike cewa in wata ta ce ki yi sauri. Yanzu da ya ga mashaci sai ya zo ya kwanta da kansa.

Don kada kunnuwan su riƙa faɗawa cikin kwano, na yanki tsohon ɗankwalina ina ɗaure mishi su a bayan kai in zai ci abinci. A haka Hajiya Mariyama ta same mu.

Ba ki san ta ba, amma na sha ba ki labarinta. Ita ce babbarmu a nan, 'yar Damagaram, mai kawo atamfa da turaren wuta. Ita ta tarbe ni da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, a gidanta na fara kwana, kuma ba zan taɓa musun alherinta ba. Ita take tara mata duk shekara su zo gidana a yi miki sauka da addu'a, tunda ban samu na yi miki komai ba a Maradi. Ran nan ta hawo ba sanarwa ta kawo mini turare. Na buɗe ƙofa, ga Ƙanzo a tsakiyar falo da ɗankwali yana cin abinci. Ta yi salati ta ja da baya har ta bugi bango. Ko zama ba ta yi ba.

Da yamma ta kira ni. Ta ce, "Rabi, ɗiyata, ki zaɓa. Ko ki fitar da abin nan, ko bana ba mai taka gidanki don addu'ar uwarki." Yaya Sani ma ya kira daga Clichy-sous-Bois, can gefen Paris, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya ce na zama Nasara, na zubar da mutuncin gidanmu, shi ba zai hau jirgin ƙasa ya zo ya zauna da kare ba. Wannan Yaya Sanin da kike aika da kaskon ƙanzo bayan danga in hannunki yana cikin kitso!

Ni ba malama ba ce, kuma ban ce na fi kowa sani ba. Na je wurin wani malami na tambaya. Malamin ya ce mini abin da ya fi shi ne kare ya zauna a waje. Na ce Malam, a hawa na tara ina waje yake? Na gaya mishi ɗakin sallata daban, kayan sallata daban, kwanonsa daban, kuma amana ce aka bar mini. Ya ce Allah Ya fi mu sanin zukata. Na gaya wa Hajiya duk wannan. Na ce zan kai shi gidan maƙwabciya ranar addu'ar, in wanke gidan tas. Ta ce a'a, sai dai ya tafi gaba ɗaya.

Abin ya yi mini ciwo, Inna, ciwo sosai. Wannan rana guda ita ce kaɗai abin da ya rage mini da nake yi miki. Na zauna na dubi Ƙanzo, na yi tunanin kejin nan, na yi tunanin hannun tsohuwar a wuyan hannuna. Sai na tambayi kaina: in na karya alkawarin matacciya don a yi wa wata matacciyar addu'a, da wane ido zan dube ki? Ke da kin ji haka, da mashaci za ki ƙwala mini a ka. Na kira Hajiya na ce ta yi haƙuri, ƙofata a buɗe take, amma kare yana nan.

Ranar ta zo, Lahadin da ta wuce. Na tashi na dafa shinkafa da miyar kaza a babbar tukunya kamar kowace shekara, na soya masa, na shimfiɗa tabarmi, na kunna turaren da Hajiyar ta kawo. Duk motsin asansar sai in miƙe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ba wanda ya zo.

Sai na yi alwala na shiga ɗakina na buɗe Alƙur'ani. Kin san karatuna ba mai sauri ba ne, sauka ta fi ƙarfina ni kaɗai. Na karanta abin da na iya, ina tuntuɓe ina komawa, na yi miki addu'a har muryata ta dushe. Duk tsawon lokacin Ƙanzo yana kwance a bakin ƙofa, haɓarsa a kan ƙafafunsa, ko farce bai tsallako ba.

Abincin ban bar shi ya lalace ba. Na zuba a robobi na bi ƙofofin benenmu, Larabawa da Turawa da 'yan Mali, na ce sadakar uwata ce. Sauran na kai wa mutanen da suke kwana kusa da tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wani tsoho a cikinsu ya tambaye ni sunanki, ya yi ta maimaita shi don kada ya manta.

Ku masu karatu, na ji an ce addu'ar da aka yi a gidana ba ta wuce rufi ba. Wanda ya hau ya duba ya zo ya gaya mini. Ban riƙe kowa a zuciya ba, Hajiya uwa ce, in na gan ta gobe zan durƙusa in gaishe ta. Baɗi ma zan dafa, zan shimfiɗa tabarmi, zan bar ƙofa a buɗe. Amma kada wanda ya sake kira na a kan maganar kare, na rufe ta.

Inna, da na dawo gida na tarar da tukunyar tana jirana. Na ɗauki cokali na kankare gindinta, sai na ji ƙarar nan da nake ji daga ɗaki in kina tsakar gida da magariba. Na zuba a kwano, na ɗaure mishi ɗankwalinsa, na ce taho. Ƙanzon sadakarki, kin san wanda ya ci.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kowace loma da kika taɓa zubawa a fasasshen kaskon nan ta tarbe ki. Allah Ya karɓi ɗan karatun da na yi ni kaɗai, Ya cika inda na gaza. Ya sassauta zuciyar Yaya Sani, Ya saka wa Hajiya da alherin da ta yi mini. Ni kuma Ya ba ni ikon riƙe amana har ranar da za a sauke mini ita. Amin.

Taki har abada,
Rabi, ɗiyar Habsu uwar karya.